Hayaƙin da ba a gani: tarihinsa da masu shi

Ƴan uwa manoma da makiyaya, maza da mata, kowa a cikinmu ya san hayaƙi. Akwai na murhu, akwai na maƙera, akwai na gonar da anka sa wa wuta kafin shuka. Irin wannan ana ganinsa, yana sa hawaye, in iska ta kaɗa kuma sai ya watse. To akwai wani hayaƙi da ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Shi taruwa yake yi a sama, shekara bisa shekara, kuma shi ne babban abin da ke ƙara wa duniya zafi a yau. Tarihinsa za mu ba ku: inda ya faro, waɗanda sunka hura wutarsa, da kason kowace ƙasa a cikinsa. Ya kamata mu san wannan lissafi, don gonakinmu da bisashenmu suna cikin masu ɗaukar asararsa.

Mene ne wannan hayaƙi?

A lakwal ana ce masa gaz karbonik. Mu a nan za mu kira shi iskar gawayi. Duk lokacin da anka ƙona itace, ko gawayi, ko fetur, ko gazuwal, ko gaz, wannan iska tana fita. Kada ku ga ba a ganinta ku ce ba ta da nauyi. Litir ɗaya na fetur, in babur ya ƙone shi, yana ba da iskar gawayi sama da kilo 2. Kun ga ya kusa nauyin tiya ɗaya ta hatsi.

Ita kanta ba mugun abu ba ce. Muna fitar da ita cikin numfashinmu. Itatuwa da shuke-shuke ita suke shaƙa su girma. Kuma tana yi wa duniya aikin bargo. Kun lura daren da sama ta yi garau ya fi sanyi, daren da hadari ya rufe kuwa sai zufa? Hadarin ne ke tare zafin da ƙasa ta sha da rana, ya hana shi tashi. Haka iskar gawayi ke yi, dare da rana, rani da damina. In babu ita sam, da sanyi ya hana rayuwa. In ta yi yawa, bargon ya yi kauri, sai zafi ya ƙaru.

A ce iskar da muke shaƙa ƙwayar hatsi ce miliyan ɗaya. Kafin zamanin injuna, ƙwaya 280 ne kawai na iskar gawayi a ciki. Shekaru dubbai lissafin bai kauce da yawa daga nan ba. Mutane na ƙona itace, sabon itace na tsirowa yana shanye abin da anka fitar. Abin da ya ɓata wannan daidaito shi ne ranar da mutum ya kai hannu ga abin da ke binne cikin ƙasa.

Wutar ta tashi a Ingila

Akwai wani baƙin dutse mai cin wuta da ake haƙowa, gawayin ƙasa, wanda a Nijeriya ake ce wa kwal. Asalinsa dazuzzuka ne da ƙasa ta binne tun shekaru miliyoyi. Wanda ya ƙona shi ya saki iskar da waɗannan dazuzzuka sunka shanye tun can da, kuma ba za su sake tsirowa su maida ta ba.

A ƙasar Ingila itace ya yi ƙaranci, mutane sunka koma ga gawayin ƙasa. Masu narka tama a can, kamar namu na da, da gawayin itace suke aiki. A shekarar 1709 wani mai suna Abraham Dabi ya gano dabarar narka tama da gawayin ƙasa. Ƙarfe ya yawaita, ya yi araha. Sai wata matsala ta taso: ramukan haƙar sun yi zurfi, ruwa na cika su. A 1712 wani mai sana'ar ƙarfe, Tomas Niyukomin, ya haɗa injin da ke aiki da tururin tafasasshen ruwa, yana zuƙo ruwa daga rami. Abincin injin kuwa gawayin ƙasa ne. A 1769 Jemis Wat ya gyara shi, ya rage masa ci ƙwarai.

Mai sauraro zai ce, tunda inji ya rage ci, ai hayaƙi zai ragu. Ba haka anka yi ba. Da aiki da inji ya yi sauƙin kuɗi, kowa ya nema. Anka sa shi a masaƙun auduga na birnin Mancesta. Anka ɗora shi bisa ƙafafun ƙarfe, ya zama jirgin ƙasa a 1825. Anka sa shi cikin jiragen ruwa. A shekarar 1850 duniya duka ta fitar da wajen ton miliyan 200 na iskar gawayi daga irin wannan wuta, kuma fiye da rabinsa daga Ingila ya fito. Ku tuna, ton ɗaya buhu goma ne na kilo ɗari.

Jamus da Faransa da Baljiyam sunka bi sahu. Amurka ta shigo da ƙarfi, har kafin 1900 ta wuce Ingila. A wannan shekara ta 1900 hayaƙin duniya ya kai wajen ton miliyar 2. Miliyar ɗaya kuwa miliyan dubu ne. Cikin shekara 50 abin ya ninka sau goma.

Fetur, lantarki da siminti

A 1859 anka haƙa rijiyar man fetur a jihar Fensilbaniya ta Amurka. Da fari kananzir na fitila ake nema a ciki. Da mota ta fito a Jamus a 1886, kuma kamfanin Ford ya fara ƙera ta da yawa a kan araha a 1908, sai fetur ya samu babbar kasuwa. Bayan mota jirgin sama ya zo, shi ma mai yake sha.

Lantarki ya biyo. A 1882 Tomas Edisan ya buɗe tashar lantarki a birnin Niyu Yok. Fitilar lantarki ba ta hayaƙi a ɗaki, gaskiya ne. Amma can inda ake yin wutar, gawayin ƙasa ake ƙonawa a tafasa ruwa, tururi ya juya inji. Har yau wajen kashi ɗaya cikin uku na lantarkin duniya haka ake samunsa.

Sai siminti. Don a yi shi, ana gasa farin dutse cikin wuta mai tsanani, kamar yadda ake yi a Malbaza. A nan iskar gawayi na fita ta hanya biyu: daga wutar gashin, da kuma daga dutsen kansa.

Mu ma wannan zamani ya taɓa mu, amma ta gefen dako. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. An gano gawayin ƙasa a Inugu a 1909, kuma shi ya riƙa ciyar da jiragen ƙasa na Nijeriya. Gyaɗa mai yawa ta Maraɗi da Damagaram ta wannan hanya ta bi zuwa bakin teku, daga can zuwa masana'antun Turai. Namu shi ne noma da ɗaukar kaya. Injunan da ribarsu suna can.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu

A 1950 hayaƙin duniya ya kai wajen ton miliyar 6. Daga nan ne ya yi tashin da ba a taɓa gani ba. Turai da Japan sunka sake gina garuruwan da yaƙi ya rushe. Tarayyar Sobiyat ta cika ƙasarta da masana'antun ƙarfe. A Amurka mota ta shiga kusan kowane gida. Man ƙasashen Larabawa ya malalo da araha. A Afirka ma an samu mai a Aljeriya da Nijeriya a 1956, amma mafi yawansa waje ake kai shi. Kafin 1990 lissafi ya wuce ton miliyar 22.

Daga nan sai ƙasar Sin ta taso. Ta zama maƙerar duniya. Ku duba wayar da ke aljihunku, da babur, da tocila, da kwanon cin abinci, da yawansu can anka yi su. Ita ke yin wajen rabin ƙarfen duniya da wajen rabin simintinta, kuma ita ke ƙona fiye da rabin gawayin ƙasa da ake haƙowa. Wajen 2006 ta wuce Amurka. Indiya ma tana biye.

A 2020, lokacin da cutar korona ta tsayar da jirage da masana'antu, hayaƙin ya ragu da wajen kashi 5 cikin 100. Da anka koma aiki sai ya koma hawa. A 2024 ya wuce ton miliyar 37. Wajen kashi 40 cikin 100 daga gawayin ƙasa ne, wajen kashi 32 daga mai, wajen kashi 21 daga gaz, siminti kuma wajen kashi 4. In ta wajen aiki anka duba, yin lantarki da ɗumama gidaje ne kan gaba, sai masana'antu, sai motoci da jirage. Saran daji da ƙona shi ma na ƙara nasa a kan wannan, amma bai fi wajen kashi ɗaya cikin goma na jimillar ba.

An yi gargaɗi tun da wuri

Ba za a ce ba a sani ba. A 1856 wata mata Ba'amurkiya, Yunis Fut, ta cika kwalabe da iska iri-iri ta ajiye a rana. Kwalbar da ke da iskar gawayi ita ta fi zafi, kuma ita ta fi daɗewa ba ta huce ba. A 1896 wani masani na ƙasar Suwidin, Areniyus, ya yi lissafi ya nuna cewa in wannan iska ta ninka, zafin duniya zai hau da digiri da dama.

A 1958 wani masani mai suna Kilin ya kafa ma'auni bisa dutsen Mauna Lowa a tsibirin Hawai, nesa da hayaƙin birane. Ya tarar da ƙwaya 315 cikin miliyan. Tun daga lokacin kowace shekara adadin gaba yake yi. A 2024 ya wuce 420. Wasu masana kuma sun haƙa ƙanƙarar da ta daskare tun zamanin da a ƙarshen duniya ta kudu, sun auna iskar da ta maƙale a ciki. Sun ga cikin shekara dubu 800 da sunka wuce adadin bai taɓa haura 300 ba sai a zamanin injuna.

Me ya sa take taruwa? Teku da itatuwa suna shanye wajen rabin abin da ake fitarwa kowace shekara. Sauran rabin yana zama a sama, wani kasonsa har ɗaruruwan shekaru. Da yayyafi kogi kan cika. Wani ɓangare na hayaƙin masaƙun Mancesta yana nan bisa kanmu har yau. Shi ya sa ba a raba wannan magana da tarihi. Kamar bashi take: ba abin da anka ci bana kawai ake dubawa ba, har da na bara da na kakanni.

Kason kowa

Tun daga 1750 zuwa yau an fitar da wajen ton miliyar 1800 daga gawayin ƙasa da mai da gaz da siminti. Amurka kaɗai tana da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙasashen Tarayyar Turai haɗe da Ingila suna da sama da kashi ɗaya cikin biyar. Sin tana da wajen kashi 15 cikin 100. Afirka baki ɗaya, daga Masar har Afirka ta Kudu, wajen kashi 3 ne nata. Kuma wajen rabin wannan tari duka daga 1990 zuwa yau anka yi shi, wato bayan an san illarsa.

In na shekarun nan anka duba, Sin ke gaba da kusan kashi ɗaya cikin uku, sai Amurka da wajen kashi 13, sai Indiya da wajen kashi 8. Amma Sin da Indiya jama'arsu na da yawa. In an raba bisa kan mutum, Ba'amurke ɗaya na fitar da wajen ton 14 a shekara, mutumin Sin sama da ton 8, ɗan Nijar kuwa wajen kilo 100. Abin da ɗan Nijar ke fitarwa a shekara, Ba'amurke na fitar da shi cikin kwana uku. Na ƙasar Nijar duka na shekara guda bai cika abin da duniya ke fitarwa cikin awa ɗaya ba.

Mu ma muna da tamu wutar. A Anu Araran, kusa da Cirozerin a jihar Agadas, kamfanin Sonichar na haƙar gawayin ƙasa, kuma tun 1981 yake yin lantarki da shi. Babban dalilin kafa shi shi ne a ba ma'adinan uraniyom na Arlit wuta. Shekaru da dama wannan uraniyom ya tafi Faransa, inda anka yi lantarki da shi ba tare da iskar gawayi mai yawa ba. A 2011 an buɗe matatar mai ta Damagaram. A 2024 an fara tura ɗanyen man Agadem ta bututu zuwa bakin teku a Benin. Duk da haka, a cikin ƴan Nijar biyar wajen ɗaya ne ke da lantarki a gida.

Wa ke ɗaukar asara?

Shekarar 2024 ta fi duk shekarun da sunka gabace ta zafi tun da anka fara aunawa. Zafin duniya ya ɗara na wajen 1850 zuwa 1900 da wajen digiri ɗaya da rabi. Kada a raina wannan. Jikin mutum digiri 37 ne. In ya hau zuwa 38 da rabi, zazzaɓi ke nan, sai kwanciya.

Ba kowace masifa za a ɗora wa hayaƙi ba. An yi fari da yunwa a ƙasar nan tun kafin ya yi yawa. Tsofaffi sun ba da labarin Kakalaba ta 1914. Amma game da farin 1973 da na 1984, masana da yawa sun gano cewa canjin zafin ruwan teku ne ya janye damina zuwa kudu. Sun kuma nuna cewa ƙurar hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ta taimaka a wannan canji. A lokacin an fi ɗora laifin a kan manomi mai sassabe da makiyayi mai yawan dabbobi. Saran itace ɓarna ne, ba musu. Sai dai gatarin manomin Tawa bai isa ya canza zafin teku ba.

Yanzu abin ya ɗauki wani salo. Iska mai zafi ta fi ɗaukar tururin ruwa, in ta tashi saukewa kuma sai ta zuba shi gaba ɗaya. Ruwan sati biyu ya sauka a dare ɗaya, ya kwashe shuka, ya rushe gidaje, sannan a yi kwanaki ba ɗigo. A 2020 kogin Kwara ya cika ya shiga unguwannin Yamai. A daminar 2024 ambaliya ta kashe mutum sama da 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, har tsohon masallacin Damagaram ya rushe. A watan Afrilu na wannan shekara zafi ya wuce digiri 48 a garin Kayi na Mali, masu bincike kuma sunka ce irin wannan zafi ba zai faru ba in ba don ɗumamar duniya ba. Hausawa kan ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A nan ruwan ya fi dukan wanda bai ja shi ba.

Tarurruka da alkawura

A 1992 ƙasashen duniya, har da Nijar, sunka taru a birnin Riyo na Barazil. Sun amince cewa kowa na da alhaki, amma alhakin ba ɗaya ba ne. A Kiyoto, a 1997, an ɗora wa ƙasashe masu arziki su rage hayaƙi. Amurka ba ta zartar da yarjejeniyar ba. A 2009 masu arziki sun yi alkawarin dala miliyar 100 kowace shekara, daga 2020, don taimakon ƙasashe matalauta. Adadin bai cika ba sai 2022, kuma kaso mai yawa rance ne.

A Paris, a 2015, kusan duk ƙasashe sun yarda a yi ƙoƙari kada ƙarin zafi ya wuce digiri ɗaya da rabi. Amurka ta fita daga wannan yarjejeniya a 2020, ta dawo a 2021, a farkon 2025 kuma shugabanta ya sa hannu ta sake fita. A Masar, a 2022, an amince a kafa asusun biyan ɓarna ga ƙasashen da abin ya fi shafa. A Baku, a 2024, an sa sabon alkawari na dala miliyar 300 a shekara kafin 2035. Ƙasashen Afirka sun ce bai kai buƙata ba.

Akwai labari mai daɗi kuma. Tsakanin 2010 da 2020 kuɗin lantarkin hasken rana ya faɗi da sama da kashi 80 cikin 100. Ingila, inda wutar ta faro, ta rufe tasharta ta ƙarshe mai ƙona gawayin ƙasa a 2024. A nan gida an buɗe tashar hasken rana a Malbaza a 2018, da wata babba a Goru Banda kusa da Yamai a 2023. Rana kuwa ba mu rasa ta ba.

Abin da ke hannunmu

Ko da duk ƴan Nijar sun kashe wutarsu yau, bargon sama ba zai ragu ba. Rage shi aikin manyan ƙasashe ne. Namu shi ne kare gona da garke, kuma mun riga mun nuna mun iya. Tun bayan farin 1984 manoman Maraɗi da Damagaram sunka kama sassaben zamani, suna barin tohon itace cikin gona suna gyara shi. An ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin eka ta hekta miliyan 5. Gawo ya ba da taki da abincin dabba, ya kuma shanye iskar gawayin da wasu sunka fitar. A jihar Tawa, tassa da rabin wata sun maida faƙo gona. A ci gaba da waɗannan. A nemi iri mai saurin nuna, a saurari hasashen damina a rediyo, a guji gini a hanyar ruwa.

Sannan a riƙe lissafin nan da kyau. In an zo garinku da aikin rijiya, ko dashen itace, ko injin ban ruwa mai aiki da rana, anka ce kuɗin canjin yanayi ne, ku tambayi nawa ne, wa ya karɓa, me za a yi da shi. Ku tambayi magajin gari da wakilanku na majalisa. Ba roƙo kuke yi ba. Ɗan abin da ya iso daga tsohon bashi ne, kuma haƙƙinku ne ku san inda ya shiga.